Banki Ya Ƙi Ba Ka Rance: Me Ya Jawo, Ina Za Ka Dosa, Kuma Nawa Za Ka Biya?

Mutum ya cike fom, ya kai takardun shaida, ya yi ta zarya har mako biyu, sai kawai saƙo ya shigo wayarsa cewa ba a amince da buƙatarsa ba. Kuɗin da yake nema ba su taka kara sun karya ba. Wataƙila na asibiti ne, ko na makarantar yara, ko cikon kuɗin haya da wa'adinsa ya ƙarato. Ƙin da banki ya yi bai kawar da buƙatar ba, don haka a daren ranar yake fara lalube a intanet, inda zai tarar da talla birjik: rance cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka, ba ruwanmu da tarihin bashinka.

A nan ruɗanin yake farawa. Idan banki, wanda sana'arsa ke nan, ya ga ba zai iya ba shi ba, ta yaya kamfanin da bai taɓa ganin fuskarsa ba zai tura masa kuɗi kafin ya ajiye waya? Amsar tana cikin abubuwa uku: tsadar kuɗin, gajartar wa'adi, da hanyar da ake bi a ƙwato su idan aka kasa biya. Wanda banki ya mayar baya yana da sauran ƙofofi, amma kowace da kuɗin shigarta, wasu kuma ba sa faɗin nasu sai an riga an shiga.

Kalmomin da ke cikin takardar rance

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai bashin da aka rubuta a takarda yana da nasa yaren, kuma wanda bai ji yaren ba, a gabansa za a yi cinikinsa yana kallo.

Uwar kuɗi ita ce ainihin abin da aka ranta. Kuɗin ruwa shi ne ƙarin da mai ba da rance yake ɗorawa, ana lissafa shi da kashi cikin ɗari, a wata ko a shekara. Bayan shi akwai kuɗin fom, kuɗin inshora, kuɗin gudanarwa da tarar jinkiri. Idan aka haɗa ruwan da cajin dole aka auna su a kan shekara guda, ana samun adadin da takardun banki suke taƙaitawa da haruffan APR. Shi ne ma'auni ɗaya da ke ba mutum damar jera rance biyu gefe da gefe ya ga wanda ya fi tsada, shi ya sa Amurka ta wajabta bayyana shi a dokar da ta kafa tun 1968, ƙasashe da yawa kuma suka bi sahu.

Rance ko dai mai jingina ne, ko marar jingina. A na farko akwai kadarar da za a riƙe, kamar mota ko zinariya ko takardar gida. A na biyu babu abin riƙewa sai alƙawari da albashi, kuma yawancin rancen biyan buƙatar kai irin wannan ne. Mai tsaya wa mutum kuwa shi ne wanda ya sa hannu cewa in aka kasa biya, shi zai biya.

Sai tarihin bashi. Akwai kamfanonin da aikinsu tattara bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, da yadda ya biya. Manyansu a duniya su ne Experian da Equifax da TransUnion. Daga wannan bayani ake fitar wa mutum maki. Makin FICO, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1989, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 na makin ya dogara ne a kan biya a kan lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke wuyan mutum a yanzu.

Me ya sa banki ke ƙi?

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙin a matsayin zargi, kamar an ce musu ba su da amana. Galibi ba ma'aikacin da ya karɓi fom ɗin ne ya yanke hukunci ba. Kwamfuta ce ta auna bayanan da aka shigar da ma'aunin da bankin ya gindaya, sai ta ga wani abu bai cika ba.

Abin da ya fi faruwa shi ne rashin tarihin kwata-kwata. Mutumin da bai taɓa cin bashi a hukumance ba yana ganin wannan abin yabo ne, alhali a wajen banki shafi ne fari fat, babu abin karantawa a kai. Ƙididdigar Bankin Duniya ta 2021 ta nuna manya kusan biliyan 1.4 ba su da ko asusun ajiya, balle tarihin bashi. Dalili na biyu shi ne kuɗin shiga marasa tsari. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu yana iya fin ma'aikacin ofis samu, amma idan cinikinsa hannu da hannu ne, ba ya bi ta asusu, banki ba shi da abin da zai gani. Na uku, yawan bashin da ake bin mutum: bankuna da dama ba sa son jimillar abin da zai riƙa biya a wata ta wuce kashi ɗaya bisa uku na samunsa, ko ɗan sama da haka. Sannan akwai tabo a tarihi, wato bashin baya da aka jinkirta ko aka kasa biya, da kuma saɓanin suna ko adireshi tsakanin takardu.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa wa mai nema ba, shi ne ƙanƙantar kuɗin kanta. Aikin da banki zai yi a kan rancen 50,000 kusan ɗaya ne da wanda zai yi a kan miliyan 5: tantance mutum, duba tarihinsa, rubuta yarjejeniya, bibiyar biya. Idan ribar ƙaramin rancen ba za ta rufe wannan ɗawainiya ba, banki ya gwammace ya bar shi. Wannan lissafi shi ne tushen tsadar ƙaramin rance a ko'ina, hatta a hannun masu gaskiya.

To me ya hana bankin ya ƙara kuɗin ruwa ya ba shi kawai? Masana tattalin arziki biyu, Joseph Stiglitz da Andrew Weiss, sun amsa wannan a wata maƙala a 1981. Suka ce idan ruwa ya yi yawa, masu taka-tsantsan ne ke fara janyewa, sai a bar banki da waɗanda suka matsu ƙwarai ko waɗanda tun farko ba su da niyyar biya. Ƙarin ruwan sai ya jawo ƙarin asara. Saboda haka banki yake tsayawa a wani farashi ya riƙa tace mutane, ya bar sauran ga wasu masu ba da rance da suka yarda su ɗauki kasadar, su kuma caje ta.

Sanin dalilin ƙin yana da amfani, domin wani dalilin gyara kawai yake so. A Amurka dokar 1974 ta tilasta wa mai ba da rance ya sanar da hukuncinsa cikin kwana 30, tare da dalili ko damar neman dalilin. A ƙasashe da yawa mutum yana da haƙƙin ganin rahoton bashinsa. Kuma kuskure ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan rahotanni: binciken da hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a ɗaya daga cikin rahotanninsa. Abin da ke ƙara dagula lamari shi ne a bi bankuna biyar ko shida a mako guda ana cike fom. Kowane bincike yana barin sawu a rahoton, kuma banki na gaba yana karanta yawan sawun a matsayin alamar ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ƙofofin da suka rage

Mafi arha a cikinsu sau da yawa ba ma rance ba ce. Asibiti ko makaranta ko mai gida yana iya yarda a biya shi kaɗan-kaɗan, kuma wannan jinkiri yawanci ba shi da ruwa. Wasu wuraren aiki suna ba ma'aikaci wani ɓangare na albashinsa kafin wata ya ƙare. Dangi da abokai kuwa su ne bankin farko na mutane a ƙasashe da dama. Kuɗinsu ba ruwa, amma zumunci ne jinginar, shi ya sa rubuta adadi da ranar biya a gaban shaida yake kare ɓangarorin biyu.

Bayan su sai ƙungiyoyin gama kai na ajiya da rance. Asalinsu na zamani yana komawa ga Jamus, inda Friedrich Raiffeisen ya kafa irin wannan ƙungiya ga manoma a 1864. Mambobi ne suka mallake ta, daga ajiyarsu ake ba da rance, ribar kuma gare su take komawa. Saboda sun san juna, suna iya karɓar wanda banki ya ƙi. A Amurka waɗanda ke ƙarƙashin dokar tarayya ba sa wuce kashi 18 a shekara a rancen yau da kullum, sai kashi 28 a wani ƙaramin rancen gaggawa na musamman. Cikas ɗinsu shi ne lokaci: a wurare da yawa sai mutum ya yi watanni yana ajiya kafin a ba shi, kuma abin da za a ba shi ninki ne na ajiyarsa. Wanda ya shiga tun kafin matsala ta zo shi ke cin moriyarsu. Adashe ma haka yake, wanda ake yinsa a sassan duniya da sunaye iri-iri, tanda a Meziko, tontin a ƙasashe masu magana da Faransanci. Ba shi da ruwa, amma kwasa sai layi ya zo, kuma idan wani ya kwashe ya gudu babu hukumar da za ta mayar wa saura kuɗinsu.

Bankunan masu ƙaramin ƙarfi an ƙirƙire su ne musamman domin waɗanda manyan bankuna suka bari. A 1976 Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra na Bangaladash jimillar dala 27. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, ya zama cikakken banki a 1983, shi da Yunus kuma suka sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Dabarar ita ce a maye gurbin jingina da rukuni: mutum biyar su haɗu, kowa yana sa ido a kan kowa, ana biya mako-mako. Ruwansu ya fi na manyan bankuna, saboda ɗawainiyar da aka ambata, kuma yawancinsu sun fi son rancen jari a kan rancen biyan buƙata.

Jingina ita ce hanyar da ba ta tambayar tarihi. Mutum ya kai zinariya ko na'ura, a ba shi ƙasa da darajarta, in ya biya ya karɓi kayansa, in ya kasa a sayar. A yawancin tsare-tsare maganar ta ƙare a nan, asarar ba ta wuce kayan ba. Abin ya bambanta idan kayan su ne hanyar cin abincin mutum. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta gano a 2016 cewa ɗaya cikin biyar na masu jinginar da takardar mota a gajeren rance suna rasa motar.

Kawo mai tsayawa yana iya sa bankin da ya ƙi jiya ya yarda yau, kuma a farashin banki. Abin da ya kamata ɓangarorin biyu su fahimta shi ne sa hannun ba shaidar hali ba ce kawai. Bashin ya hau kan mai tsayawar daga ranar da ya sa hannu, kuma a tsare-tsare da yawa duk jinkirin da aka yi yana ɓata nasa tarihin.

Rancen minti biyar

Ƙofar da ta fi kowace saurin buɗewa ita ce ta rancen kafin albashi da ta manhajojin waya. A Amurka farashin da aka saba shi ne dala 15 a kan kowace dala 100 na mako biyu. A kunne abin bai yi nauyi ba. Idan aka auna shi a shekara, kashi 391 ne. Matsalar kuma ba a farashin kaɗai take ba, tana cikin tsarin biya: ana son uwar kuɗi da ruwa gaba ɗaya a rana guda. Wanda albashinsa bai ishe shi a watan jiya ba, da wuya ya iya cire dunƙulallen bashi daga na wannan watan ya kuma rayu. Sai ya biya ruwan kawai a sabunta masa. Binciken hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka a 2014 ya nuna huɗu cikin biyar na irin wannan rance ana sabunta su ko a sake cin wani cikin kwana 14.

A waya, Kenya ce ta yi fice da wuri. Tsarin ajiya da rance ta waya mai suna M-Shwari, wanda aka ƙaddamar a 2012, ya fara ne da cajin kashi 7.5 na kwana 30, wato kusan kashi 90 a shekara, kuma ya kai rance ga miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga zauren banki ba. Maimakon takardar albashi, ana duba yadda mutum yake amfani da layinsa da asusun wayarsa. Bayan irin waɗannan masu lasisi sai ga ɗaruruwan manhajoji a ƙasashe daban-daban, wasu ba rajista, waɗanda jinginarsu mutuncin wanda ya ci bashin ne. Suna neman izinin shiga lambobin waya da hotuna, ranar da aka yi jinkiri kuma su aika wa iyaye da surukai da shugaban wurin aiki saƙon tozarci.

Wannan ne ya jawo sababbin ƙa'idoji. A 2019 Google ya hana saka manhajojin rancen da ke neman a biya gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka a rumbun manhajojinsa, a 2023 kuma ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan mutane. A 2022 Babban Bankin Indiya ya wajabta a ba mai nema takardar da ke nuna jimillar tsadar rancen kafin ya amince, kuma kuɗin su tashi kai tsaye daga mai lasisi zuwa asusunsa. A wannan shekarar Babban Bankin Kenya ya fara tilasta wa masu ba da rance ta waya neman lasisi. Manhajar da aka sauke ta wata hanya ba ta rumbun Google ba, babu ɗaya daga cikin ƙa'idojin rumbun da ya ɗaure ta.

Yadda ake karanta farashi

Kashi 3 a wata ba ma'anarsa ɗaya ba a kowace takarda. A ɗauka mutum ya ranci 100,000 na wata 12. Idan ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage, yana raguwa duk lokacin da aka biya, zai riƙa biyan kusan 10,050 a wata, jimillar ruwan kuma ta kama wajen 20,500. Idan kuwa ana lissafa shi a kan uwar kuɗin farko tun daga watan ɗaya har na ƙarshe, ruwan 36,000 ne cif, biyan wata kuma 11,333. A watan ƙarshe mutumin yana biyan ruwa ne a kan kuɗin da ya riga ya mayar tuntuni. Tallan duka biyun zai ce kashi 3, amma na biyun a haƙiƙa ya ɗan haura kashi 5 a wata, wato kusan kashi 61 a shekara.

Wata dabarar ita ce yanke caji tun farko. An rubuta 10,000, an turo 9,000, ana son 10,000 bayan kwana 30. Mai talla zai kira shi kashi 10. Amma 9,000 mutum ya riƙe a hannu, don haka kashi 11 da ɗoriya ne a wata, sama da kashi 130 a shekara. Idan wa'adin mako guda ne, adadin zai ninka fiye da sau huɗu.

Tsawaita wa'adi yana rage biyan wata, amma yana ƙara jimilla. Gajarta shi yana rage jimilla, amma yana iya shaƙe mutum ya kasa biya. Tambayoyin da ke fayyace kowane tayi su ne: nawa za su shigo hannuna, nawa zan mayar gaba ɗaya, a waɗanne ranaku, nawa ce tarar kwana ɗaya na jinkiri, kuma in na biya da wuri za a rage mini ko za a caje ni? Mai ba da rancen da ya ƙi rubuta amsoshin nan kafin a sa hannu ya riga ya nuna irin cinikin da yake so.

A ƙayyade ruwa ko a bar kasuwa?

Masu goyon bayan ƙayyadewa suna cewa wanda ya matsu ba ya ciniki, karɓa kawai yake yi, saboda haka gasa ba za ta sauko da farashi ba sai doka ta sa baki. Suna kafa hujja da Birtaniya, inda tun Janairun 2015 aka hana rancen gajeren wa'adi wuce kashi 0.8 a rana, aka tsayar da tarar kasa biya a fam 15, aka kuma ce jimillar ruwa da caji ba za ta wuce uwar kuɗin ba. Wato wanda ya ranci 100 ba zai taɓa biyan fiye da 200 ba. Kamfanoni da dama sun bar kasuwar, kuma Wonga, wanda ya fi kowa girma a lokacin, ya durƙushe a 2018 bayan ƙorafe-ƙorafen neman diyya sun yi masa yawa. Amurka ma ta sa wa rancen sojoji da iyalansu iyakar kashi 36 a dokar 2006.

Masu adawa suna cewa doka tana iya rage farashi amma ba ta rage kasada ba. Idan iyakar ta yi ƙasa da abin da ƙaramin rance yake ci, mai lasisi zai daina bayarwa, mai buƙata kuma ya koma wajen wanda ba ya bin doka ko kaɗan, an gudu gara an faɗa gidan zago. Hujjarsu ita ce Kenya, wadda a 2016 ta hana bankuna ɗora fiye da kashi 4 a kan ruwan da Babban Banki ya tsayar. Bankuna suka karkata ga ranta wa gwamnati da manyan kamfanoni, rancen ƙananan 'yan kasuwa ya ja baya, aka soke dokar a 2019.

Misalan biyu ba su ci karo da juna ba kamar yadda ake zato. Birtaniya ta sa iyaka mai tsayi a kan nau'in rance guda da ya wuce gona da iri, Kenya kuwa ta sa iyaka mai ƙasa a kan bankuna duka. Inda aka ja layin da kuma wanda aka ja wa su ne suka bambanta sakamakon.

Irin wannan muhawara ta taɓa bankunan masu ƙaramin ƙarfi su ma. Lokacin da Compartamos na Meziko ya sayar da hannun jarinsa a 2007 yana cajin ruwan da ya kusa kashi 100 a shekara, Yunus da kansa ya soki lamarin. A 2010 jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta taka wa kamfanonin birki bayan rahotannin matsin lamba wajen karɓar bashi da kashe kai a tsakanin waɗanda suka ci bashin. A 2015 aka wallafa bincike shida da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Abin da suka nuna shi ne ƙaramin rance yana ba mutane sarari wajen juya kuɗi da faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da yawancinsu daga talauci ba, bai kuma jefa yawancinsu cikin halaka ba.

Ga wanda ke gudun riba

Ga Musulmi da yawa tambayar ba ta tsaya a yawan ruwa ba, domin Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya halatta ciniki ya haramta riba, wato kuɗin ruwa, aya ta 280 ta yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta 282 kuma ta ce a rubuta bashi. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna biyan buƙata ne ta hanyar ciniki. A murabaha, banki ya sayi kayan da mutum yake so ya sayar masa da ribar da aka sani tun farko, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Farashin ba ya ƙaruwa da tsawon lokaci bayan an ƙulla, amma ba lalle ne ya fi rancen banki arha ba, kuma su ma suna duba tarihin bashi da albashi, don haka suna iya ƙi. Tsarin ya fi dacewa da sayen kaya a kan buƙatar tsabar kuɗi. Ƙardul hasan, wato rancen da ake mayar da daidai abin da aka karɓa, ya fi samuwa a ƙungiyoyin taimako. Akhuwat, wadda Dakta Amjad Saqib ya kafa a Pakistan a 2001, ta nuna ana iya yinsa ga miliyoyin mutane, sai dai gudummawa ce ke ɗauke da ɗawainiyarsa, shi ya sa masu nema suka fi kuɗin yawa a duk inda ake yinsa.

'Yan damfara

Wanda banki ya ƙi shi ne abin farautarsu, domin sun san ya ƙagu. Salon kusan ɗaya ne a ko'ina: an tabbatar maka da rance ba tare da bincike ba, amma sai ka fara turo kuɗin inshora ko na rajista. Da zarar an tura, wani cajin zai ɓullo, ko lambar ta daina shiga. Mai lasisi yana cire cajinsa ne daga rancen ko ya haɗa shi cikin biya, ba ya neman lambar sirrin katin mutum ko lambar da banki ya turo masa a waya. Babban bankin ƙasa ko hukumar da ke kula da masu ba da rance yawanci tana wallafa sunayen waɗanda ta yi wa rajista. 'Yan damfara kan ari sunan kamfanin gaske, don haka lambar wayar da ke shafin hukuma ce abin dogaro, ba wadda ta zo cikin saƙon talla ba.

Abin da ke biyo bayan sa hannu

Ƙaramin rance yana iya buɗe ƙofar banki nan gaba, amma da sharaɗi: sai idan mai ba da shi yana kai rahoton biya ga kamfanonin tarihin bashi. Da yawa daga masu ba da rancen gaggawa ba sa kai labarin wanda ya biya a kan lokaci, amma bashin da aka kasa biya yana isa can ta hannun masu karɓar bashi. Tambayar ko suna kai rahoto tana da muhimmanci ga wanda rashin tarihi ne ya sa aka ƙi shi.

Idan biya ya gagara, lokacin magana da mai bin bashi shi ne kafin ranar ta cika, domin a lokacin ne aka fi yarda a sake tsara wa'adi. Cin sabon bashi don biyan tsoho yana amfani ne kawai idan sabon ya fi arha kuma aka rufe tsohon gaba ɗaya. Tabon kasa biya yana daɗewa: shekara 6 a Birtaniya, 7 a Amurka. Kuma tabon bai cika bambanta babban bashi da ƙarami ba. A Kenya mutane masu ɗimbin yawa sun shiga jerin marasa biya a kan 'yan kuɗin da suka ranta ta waya, aka riƙa hana su rancen jari da na gida, har a 2020 Babban Bankin ƙasar ya ba da umarnin a cire sunan duk wanda bashinsa bai kai shilin 1,000 ba.